Ƙudajen da Suka Tona Ni

Tun da aka ce ba a ɗaura aure sai an kai jinin dangi ofishin binciken cututtukan gado, ba ni da wajen zuwa kamar can. Sukan sa jinin a jikin ƙananan ƙudajen da ke bin ayaba, su rufe su a kwalba, bayan kwana goma ka zo ka ga abin da zuri'arka ke ɗauke da shi. Ni kuwa kwalaben mutane nake leƙawa, in samu labarin kaiwa gidan biki.

Yau na raka jikata Tasalla, 'yar 'yata, karɓo kwalbarmu. Rabin mazan ƙudajen sun yi farin ido, suna kwance.

Na ce, "Kin ga ciwon da ya kashe ƙannenki maza. Jinin ubanki Ɗanlami ne. Shekara ashirin ina faɗa a gari, sai da uwarki ta bar gidansa."

Ma'aikaciyar ofishin ta sunkuyar da kai. "Iya, wannan ba daga uban yaran yake ba. Uwa ce ke ba 'yarta, ita kuma ta ba 'ya'yanta maza."

Tasalla ta dube ni. "Kaka, Baba fa ya rasu yana roƙon mu yafe masa."

Na rungumo kwalbar har gida. Ni da labari ba ya kwana a bakina, wannan ban san wanda zan gaya wa ba.