Badukun da Aka Daina Kushewa

Tun da ka ce za ka kwashe kayan aikinka ka bar layin nan, zauna tukuna ka ji.

An yi wani baduku a layin dukawa, gwanin zanen fata na gaske. Al'adar rumfarsu kuwa, duk wanda ya gama aiki sai ya miƙa wa na kusa da shi, a yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu ana kushewa: wannan ya ce ɗinkin ya karkace, wancan ya ce jan ya yi yawa. A haka aikin kowa ke gyaruwa. Abin da ke ci wa mutumin nan tuwo a ƙwarya shi ne, duk zanen da ya fito da shi, kafin kasuwa ta zagayo ya gan shi a jakar kowa. Ran nan ya ce ya gaji da ciyar da ɓarayi. Ya tattara fatunsa da basillarsa ya koma can bayan gari, ya ja katanga. To, an daina satar zanensa, gaskiya ne. Amma ba mai ce masa ya karkace, shi ma ba aikin wanda yake gani, masu saye kuma layin dukawa suka sani. Shekara bakwai hannunsa yana maimaita abin da ya riga ya iya.

Da zaman ya ishe shi, ya ɗinka wata jaka, ya zuba duk iyawarsa a ciki, ya dawo rumfa da ita. Abin da ya tarar ya kashe masa jiki: tsohon zanensa ya yi 'ya'ya da jikoki a hannun mutane, har shi kansa bai iya na yanzu ba. Ya miƙa jakar, yana jiran a fara kushe. Aka karɓa da hannu biyu. Ta zagaya rumfa kaf, kowa ya juya ta ya ce, "Madalla, malam, ta yi kyau," irin yabon da ake yi wa baƙo. Ko mutum ɗaya bai ga ta isa a tsaya gyara ta ba. Ya rungume jakarsa ya fita yana share hawaye da hannun riga, har ya rasu bai ƙara taɓa basilla ba. Ni da nake ba ka labarin nan ina cikin masu cewa madalla, wallahi abin yana cin raina har yau.

Ai Bahaushe ya gama magana: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.