Jar Ƙafa da Jar Wutsiya

Lami ta toshe hanci a gindin rumbu, inda karyar farautar mijinta Tukur ta zube 'ya'ya.

"Malam, ka fitar mini da ƙazantar nan."

"Ki yi haƙuri, kowanne da mai shi," in ji Tukur. "Mafarautan Bilbis sun zaɓa. Mai jar ƙafa na Mas'udu ne, mai jar wutsiya na Ashiru."

Ta leƙa tana yamutsa fuska. "Ai farare ta haife su. Jan daga ina?"

"Lallen da kika kwaɓa jiya. Tsoma ƙafar ɗaya da wutsiyar ɗaya kawai na yi a kwanon, na mayar miki, kafin ki yi ƙunshi."

Lami ta dubi hannuwanta. Ƙunshin ya kama jawur har farce, ba sabulun da zai fitar da shi.