Asalin 'Yan Tsingaro

Wayar ta mutu ana tsakiyar labarin Mutanen Toka. Dattijon ya girgiza ta, ya hura mata iska, ya goga ta a rigarsa, ko gezau. Ya bi gadajen ɗakin asibitin ɗaya bayan ɗaya yana roƙon caja, aka ba shi kala-kala, amma bakin wayar ya lotse tun ranar hatsarin, babu wadda ta shiga.

Matashin da ke kan gadon bai san ana yi ba. Kansa a naɗe da bandeji, robar ƙarin ruwa a hannu, idanu a rufe tun ranar da dattijon ya shigo da shi asibitin a saɓe yana ihu, "Ku taimake ni, ɗana zai mutu!"

Wayar matashin ce, kuma ita kaɗai ce abin da ake ta'allaƙa da shi. A kulle take, gilashinta ya tsattsage, abu ɗaya tak take yarda ta yi: in an danna, sai ta ci gaba da abin da yake saurare lokacin da yake tsallaka titi. Wani mai kaurin murya ne ke ba da tarihin wani wasan bidiyo, yadda kowace ƙabila ta cikin wasan ta samo asali. Nas ɗin ɗakin ce ta lura duk sa'ad da aka kunna, bugun zuciyarsa na ɗan ƙaruwa. Likita ya ce kada a daina, yana ji. Ya kuma ce, yana kallon ƙasa, in bai motsa nan kusa ba sai dai a dage da addu'a.

Ga shi yanzu muryar ta ɗauke.

"Baba, ai sai ka yi masa hirar da kanka," in ji nas ɗin. "Ka tuna masa abokansa, ko abincin da ya fi so."

Dattijon ya ɗaga kai yana kallon silin.

"Ku iyaye maza sai Allah," ta ce tana gyara robar ruwan. "A tambaye ku lambar takalmin ɗanku, sai ku kama kallon silin."

Tasa wayar ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce. "Malam, ka yi iya yinka. Ka zo gida ko wanka ka yi, yara na ta tambayarka."

"In ya tafi, nima na tafi," ya ce, ya kashe.

Tsoro ya cika shi. Ya jawo kujera, ya matsa dab da kunnen matashin. Mutumin da ko karta bai taɓa riƙewa ba, wanda a ganinsa duk wasannin waya shirme ne da ɓata ido, shi ne yau zai ba da tarihin aljanun cikin allo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"To, wai a farkon duniyar tasu akwai wata mai ginin tukwane," ya fara. "Ta hura wuta, numfashinta ya zama Mutanen Iska, masu yawo a kan gajimare. Tokar murhunta ta zama Mutanen Toka, mayaƙan nan marasa dariya. Sai tukunyarta ta ƙarshe, wadda ta fi so, ta faɗi ta tarwatse. Daga gutsattsarin aka samu 'Yan Tsingaro."

Nan ya tsaya. Duk lokacin da mai muryar ya iso wurin faɗuwar tukunyar, dattijon kan tashi ya fita baranda, don haka bai taɓa jin ƙarshen ba. Sai ya cike da abin da zuciyarsa ta ba shi.

"Ita ta jawo. Sakarai ce, ba ta duba gabanta. Ta ga ɓarnar da ta yi, ta kwashi ƙafa ta gudu ta bar su a ƙasa."

Ɗan yatsan matashin ya motsa.

Dattijon ya murje ido. Ya ƙara matsawa, ya ɗaga murya har majinyacin gadon kusa ya juyo. "Na ce ta gudu! Muguwa ce, ba ta cancanci yafiya ba! 'Yan Tsingaro sun tsine mata har abada!"

Goshin matashin ya tattare. Leɓɓansa da suka bushe suka rabu da ƙyar.

"Ba haka... ba ne."

Nas ɗin ta saki farantin magani, ta rugo.

"Suɓuce mata... ta yi," in ji matashin, kalma na jan kalma. "Ba ta gudu ba. Ta durƙusa... tana tsince su ɗaya-ɗaya. Shi ya sa suka rayu."

Dattijon ya kifa fuska a gefen katifa ya fashe da kuka, kuka na ƙato wanda ba ya jin kunyar kowa. Masu jinya suka taru, ana ta alhamdulillahi.

"Sannu, ƙanena, sannu," nas ɗin ta ce tana share hawayenta. "Buɗe ido ka ga babanka. Ko gida bai yarda ya je ya bar ka ba."

Matashin ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon dattijon, sannan ya mai da kallonsa kanta.

"Anti... ban san shi ba."

"Innalillahi, ƙwaƙwalwar ta taɓu," nas ɗin ta faɗa a hankali, ta juya za ta kira likita.

Dattijon ya ɗaga hannu ya tsai da ita, ya miƙe yana dafa ƙarfen gadon.

"Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, 'yata, gaskiya ya faɗa. Ni ne direban da ya kaɗe shi."