Hoton Aradun Likitan Haƙori

Hadari na haɗowa da la'asar, likitan haƙori ya ce wa mutumin da ke kujera ya kurkure baki ya dawo gobe. Damina uku ke nan yana farautar walƙiya da ɗan jirginsa mara matuƙi mai kyamara, abin da ya samu bai wuce hotunan gajimare ɗari tara da wata shirwa guda ba. Matarsa ta riga ta yanke hukunci: in daminar bana ta wuce babu hoto, jirgi zai koma hannun ƙanenta.

Shi ya sa bana ya yi shiri na musamman. Har dogon ƙarfe mai 'yar fanka ya kafa a saman benen gidansa, don ya riƙa sanin ƙarfin iska kafin ya fita.

Ya figi mota zuwa wani tudu a bayan gari, ya saki jirgi, ya juya kyamara wajen gidaje. Iska na wujijjiga shi, batir na ƙarewa, yayyafi ya fara. Yana shirin saukar da shi sai sama ta tsage.

Ya duba waya. Ga walƙiya nan, fara tas, mai rassa bakwai, tun daga gajimare har tsakiyar gari. Bawan Allah, da furfurarsa da tumbinsa, ya dinga tsalle a cikin taɓo, takalmi ɗaya ya tafi bai ma nema ba. Murna ta hana shi ɗaga kiran matarsa har sau shida, wai irin wannan albishir ba a yin sa a waya.

Ya tarar da layinsu cike da mutane. Lallai labari ya riga shi isowa! Kowa na ce masa sannu, shi kuma yana washe baki yana cewa ai damina uku ya yi yana roƙon wannan rana.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa, a jiƙe, yara duka a bayanta. Ya cusa mata waya.

"Uwar yara, jirgi ya zauna. Dubi kyau, kamar an zana!"

Ta sa yatsa biyu ta buɗa hoton, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, Likita. Har tagar ɗakinka ta fito, kafin rufin ya tashi."