Jirgin da Ya Sauka a Gonar Mahaman

Rabilu mai gyaran salula a bakin kasuwar Tasawa bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma a salularsa gurup uku yake ciki na masu zancen jirage, kuma kowane da halinsa.

Na farko na ƴan bokon Yamai ne, Faransanci zalla. Ka sa hoto, sai su tsare ka: ina lambar jirgin, wane kamfani, ƙarfe nawa ya tashi? Na biyu na mutanen Katsina da Kano ne, sun kusa dubu. Su ko hoton shaho ka sa sai ka sha "Allah ya sauke su lafiya" ɗari biyu, a tura gaba ba a karanta ba.

Na uku ƙarami ne, mutum goma sha ɗaya. Ba gaisuwa, ba addu'a. Sai dai wani ya rubuta, "Ƙasa ta bushe, iska daga gabas," wani ya ce, "To." Rabilu ya ɗauka tsofaffin ma'aikatan filin jirgi ne. Wani baƙo ɗan gurup ɗin ya taɓa kawo mai gyaran salula, shi ko Rabilu ya cusa tasa lambar ciki don rigima. Da yake lambobinsu kullum canzawa suke, ba wanda ya lura.

Ran Litinin da hantsi wani hoto ya faɗo cikin ƙaramin gurup ɗin: farin jirgi ɗan mitsitsi zaune bisa rairayi, ƙofa buɗe, buhuna jibge gefe. Nan take aka goge shi. Amma yatsan mai gyaran salula ya riga mai gogewa.

Wa zai tsokana da shi? Ai Mahaman.

Mahaman taubashinsa ne, ɗan ƙanwar babansa, manomi a Hawandawaki. Tun suna yara Rabilu ke ja mai kunne, shi ko sai murmushi. Mutum ne shiru-shiru, salularsa irin mai tocilan nan da aka ɗaure da roba. Shekara biyu ke nan yana tuge kututture a gonarsa ta can cikin daji, ya baje tsakiyarta ya bar ta ba shuka, wai hutar da ita yake. Dangi duk sun ce lalaci ne.

Rabilu ya tura hoton ga ƴan Yamai da ƴan Katsina, ya rubuta: "Jirgin Alhaji Mahaman na Hawandawaki ya sauka gonarsa yau da safe. Manoma, a yi koyi!" Ya yi dariya har da buga tebur.

Ƴan Katsina suka zubo masha Allah, suka watsa. Kafin azahar hoton ya dawo mai ta hanya huɗu. Na ƙarshe har da muryar wani yana rantsuwa makamai ne cikin buhunan.

Ƴan Yamai da farko suka ce haɗin kwamfuta ne. Can sai wani dattijonsu da ba ya yawan magana ya ce hoton gaske ne, irin jirgin nan ne da ɗan fili ke isarsa, kuma an shafe lambarsa da fenti. Ya ƙara layi guda: "Da ni ne kai, da na bar gari."

Rabilu ya leƙa ƙaramin gurup. Wane ya fita. Wane ya fita. Yana kallo suka zube ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai lamba guda.

Dariya ta ƙare. Ya goge abin da ya rubuta, amma an riga an kwashe. Mai shayin kusa da shi ya ce ya ga motocin jandarma biyu suna shan esansi a gidan mai, ana tambayar hanyar Hawandawaki. Rabilu ya miƙe tsaye. A wannan zamani, a ce jirgi marar lamba ya sauka gonar mutum? Za su ɗauke bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma ba a san ranar dawowarsa ba. Ya kira salular Mahaman, a kashe.

Ya rufe rumfa, ya hau moto, ɗan babur ɗinsa, ya yanki hanyar rairayi. Shawara guda ya yanke: ya riga su isa, ya tsaya gaban Mahaman, ya ce musu shi ya ƙaga ƙaryar, shi za a tafi da shi.

A gida Zuhura, matar Mahaman, ta ce ai tun jiya yana gonar daji. Ba ta ko ce ya sha ruwa ba.

La'asar sakaliya ya isa. Mahaman na zaune bakin bukka, da wasu baƙi biyu masu rawani da ba su amsa sallama ba. Masu sayen dabbobi ne, in ji Rabilu a ransa. Ya diro, ya bar makulli jikin moto.

"Taubashi, na kashe ka! Wasa ni kai wallahi. Hoton wasu na sata na ce gonarka ce. Jandarma na tahe. Tashi mu tai, ni za ni hwaɗa musu gaskiya."

Mahaman ya miƙe a hankali, ya zare makullin moton, ya jefa aljihu. Baƙin nan ma suka miƙe.

"Zamna, Rabilu," ya ce, da murmushin nan nasa. "Laihin ba naka ba ne kai ɗai. Da ɗayar salulata ta ɓoye na ɗauki hoton, ga mutum guda za ni aika shi, hannuna ya kuskure ya kai shi gurup."