Awarwaron Malam Tsalha

Tun da aka fara ɗaura wa masu ciwon karkarwa awarwaron nan mai tsayar da rawar jiki, ba a ƙara ganin hannu yana rawa a kasuwa ko a masallaci ba. Ƙananan likitoci ma a hoto kawai suka san ciwon. Shi ya sa da masana suka taru a Zariya, suka roƙi Dakta Kubura ta kawo musu mai ciwon su gani da idonsu.

Mahaifinta ta kawo, Malam Tsalha. Ya sha farar babbar riga, ya zauna a gaban jama'a, aka miƙa masa kofin shayi.

"Baba, zan ɗan kashe awarwaron," ta raɗa masa.

"Bismillah, Uwata."

Ta taɓa wayarta. Hannunsa ya fara rawa, sannan haɓa. Shayi ya zube a gaban rigar, yawu ya biyo baya. Mutane suka miƙe suna ɗaukar hoto. Wani daga baya ya ce a ɗan ƙara lokaci, bai gani sosai ba. Ta ƙara.

Da ta sake kunna awarwaron, zauren ya ɗauki tafi. Ita kuwa ta kasa ɗaga kai. Ta durƙusa tana goge masa riga da gefen mayafinta.

Ya sunkuyo, ya rage murya. "Na yi yadda suke so kuwa? In bai yi ba, sake kashewa. Kada su ce 'yata ba ta iya aikinta ba."