Harawar da Ke Kan Ɓaure

Kai da aka ɗora a kan mutanen da ba ka san ƙasarsu ba, gyara zama ka saurara, domin ba ni da al'adar maimaita magana.

A zamanin da ake saran daji ana kafa tunga a bakin kogi, akwai ƙa'idar da kowa ya sani: wanda ya nemi izinin sauka ya zama baƙo har jikokinsa, wanda aka nema a wurinsa kuwa shi ne mai gari, kansa za a naɗa wa rawani idan jama'a ta taru. To, wani manomi ya taso daga ƙasar tudu, inda rijiya take cinye igiya kafin ta ba da ruwa, ya iso bakin wani kogi ana tsakar rani, da matarsa da jakinsa da awaki. Ya tarar wani masunci ya riga shi, amma ya kafa bukkarsa can bisa gangare, kullum yana shan wahalar hawa da sauka. Manomi ya dubi baƙar ƙasa shimfiɗe a gefen ruwa ba mai ita, ya yanke hukunci cewa masunci wawa ne. Ya ƙi hawa ya gaishe shi, don kada gaisuwa ta zama neman izini. Ya kafa gida a gindin wani ɓaure, ya gina rumbu, har ya fara koyon takun masu gari. A rassan ɓauren nan akwai busasshiyar ciyawa da karare maƙale, sama da inda hannun dogon mutum zai kai. A ƙasarsu, a kan reshe ake ajiye harawa don kada awaki su cinye, saboda haka bai ga abin mamaki ba. Ran nan masunci ya biyo ta wurin, ya nuna sama ya ce, "Baƙo, ka ga abin da ke kan reshen can?" Kalmar baƙo ta soki manomi. Ya ce, "Na gani. Harawarka ce, kuma ba ka iya ɗauri ba." Masunci ya saɓa tarunsa ya wuce. Matar manomi, da yake ba ta neman rawani, ta hau gangare ta tambayi matar masunci, ta dawo ta faɗa wa mijinta cewa ba mutum ne ya rataye ciyawar ba, kogi ne. Ya ce mata tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin ruwa ya hau bishiya ba. Ta kora awaki da jaki ta koma sama.

Damina ta faɗi a can inda kogin ya taso. Wata rana da hantsi, sararin sama fes, ruwa ya iso ja wur, ya shiga gidan manomi ba sallama. Kafin azahar mutumin yana zaune a kan reshen ɓaure, ya rungume shi kamar ɗan biri, ruwa na lasar diddigensa, masunta da fataken da ambaliya ta tsare sun yi layi a bisa gangare suna kallo. Masunci ya tuƙo kwalekwalensa a hankali, ya tsaya ƙarƙashin reshen, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, mai gari. Garin naka ya yi gaba, na gamu da rumbunka a hanya. Za ka bi shi ne, ko kuwa kana neman masauki?" Manomi ya yi gunaguni. Masunci ya ce ƙarar ruwa ta toshe masa kunne. Sai da manomi ya ɗaga murya ya roƙi masauki, har na bisa gangare suka amsa da "Mun shaida", sannan aka sauko da shi. Jikokinsa suna nan a tungar, a ƙarshen layi, ana kiran gidansu Gidan Baƙi.

Shi ya sa magabata suka ce, girman kai rawanin tsiya.